Furannin Monet a Katin Wasiƙa: Yadda Zanen Launi Ya Shiga Gidan Waya

Katin wasiƙa mai ɗauke da hoton zanen fure, irin wanda ake jerawa a shagunan gidajen adana zane-zane na Paris da Landan da New York, ƙaramin abu ne da bai wuce faɗin hannu ba, amma sai da tarihi uku suka haɗu kafin a same shi, wato tarihin gidan waya, da tarihin zanen fenti a Faransa, da kuma tarihin ɗab'i mai launi. Biyun farko sun taso kusan lokaci guda, domin a ranar 15 ga Afrilu 1874 ne wasu masu zane kimanin talatin suka buɗe baje kolinsu na farko a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar a Paris, kuma a ranar 9 ga Oktoba na wannan shekarar ƙasashe 22 suka sa hannu a birnin Bern na Suwizalan kan yarjejeniyar da ta haɗa gidajen wayarsu a tsari ɗaya. Na ukun ne ya makara, kuma makararsa ce ta sa aka yi shekaru da dama kafin furannin waɗannan masu zane su hau kati da launin da za a iya gane su da shi.

Tunanin aika saƙo a buɗe ba tare da ambulan ba ya fito ne daga wani jami'in gidan waya na Jamus, Heinrich von Stephan, wanda ya kawo shawarar a 1865 amma ba a karɓa ba. Bayan shekara 4 wani malamin tattalin arziki a Ostiriya, Emanuel Herrmann, ya rubuta a jarida cewa yawancin wasiƙun da mutane ke aikawa gajerun saƙonni ne da ba su cancanci kuɗin takarda da ambulan da cikakken kuɗin aikawa ba. Hukuma ta gamsu, kuma a ranar 1 ga Oktoba 1869 aka fitar da katin farko, ɗan kwali mara hoto wanda aka buga masa kan sarki a kusurwa, kan Sarki Franz Joseph ne kuwa a zahiri. Ingila ta bi sahu a 1870, Faransa da Amurka kuma a 1873. Hoto ya fara shiga kati sannu a hankali, musamman a manyan bukukuwan baje koli kamar na Paris a 1889, inda aka sayar da katuna masu hoton hasumiyar Eiffel. Sai dai a lokacin doka ta keɓe bayan katin gaba ɗaya don adireshi, saboda haka dole saƙo ya raba fuskar katin da hoto. Canjin da ya buɗe wa zane hanya shi ne raba bayan katin gida biyu, rabi na saƙo rabi na adireshi, wanda Ingila ta amince da shi a 1902, sauran ƙasashen Turai suka biyo baya cikin 'yan shekaru, Amurka kuma a 1907. Daga nan ne fuskar katin ta zama ta hoto ita kaɗai.

Masu zanen da suka yi baje kolin 1874 sun sami sunansu ne daga bakin mai yi musu ba'a. Claude Monet ya rataye wani zanen fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre, wanda sunansa ya fara da kalmar Faransanci mai nufin alamar da abu ke bari a ido da zuciya a kallon farko, sai wani marubuci, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar ya laƙaba musu ita a jaridar barkwanci ta Le Charivari. Sunan ya bi su, har su ma suka karɓe shi, kuma daga gare shi ne aka sami Imfireshonizim, wato salon zane da ke ƙoƙarin kama haske da launi kamar yadda ido ya gan su a wani lokaci ƙayyadadde, da gajerun shafe-shafen buroshi waɗanda ba a goge su sun haɗe ba. Sun yi baje koli sau 8 daga 1874 zuwa 1886. Abin da ya kamata a fahimta shi ne matsayin fure a idon hukumar zane ta Faransa, wadda tun ƙarni na 17 ta jera nau'o'in zane hawa-hawa: zanen tarihi da addini a sama, sannan zanen fuskokin mutane, sannan na rayuwar yau da kullum da na filaye, zanen abubuwa marasa motsi kamar tulu da 'ya'yan itace da fure kuma a can ƙasa. Ga Monet da Renoir da Berthe Morisot da Gustave Caillebotte wannan ƙasƙancin ya zama dama, domin fure ba ya ɗauke da labarin da dole a bi, ba ya gajiya da zama, ba a biyan sa lada, kuma launi ne tsantsa da mai zane zai gwada hannunsa a kai yadda ya ga dama.

Kayan aiki ma sun taimaka musu. A 1841 wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matsa fenti daga cikinsa, wanda ya sauƙaƙa fita da fenti zuwa lambu da gona, kuma masana sinadarai na wannan ƙarnin sun samar da sababbin launuka masu ƙarfi na shuɗi da kore da rawaya da shunayya. Akwai kuma binciken Michel-Eugène Chevreul, shugaban marinar masaƙar Gobelins a Paris, wanda masaƙa suka kai wa ƙorafin cewa wasu zaruruwan da aka rina ba sa nuna launinsu da kyau. Da ya bincika sai ya gano cewa rinin ba shi da laifi, ido ne ke canza launi gwargwadon launin da ke kusa da shi, kuma a littafinsa na 1839 ya bayyana cewa launuka masu kishiyantar juna, kamar ja da kore, ko shuɗi da ruwan lemo, suna ƙara wa juna ƙarfi idan aka jera su.

Babu zanen da ya nuna wannan kamar wanda Monet ya yi a 1873 kusa da garin Argenteuil, na wani fili mai jajayen furannin daji da Faransawa ke kira kokeliko, waɗanda ke tsirowa da kansu a gefen gonakin alkama. Zanen ƙarami ne, santimita 50 a tsaye da 65 a kwance, kuma yana cikin waɗanda aka nuna a 1874. Rabinsa na sama sararin samaniya ne da gajimare, a tsakiya layin bishiyoyi da wani gida can nesa, a ƙasa kuma wata mace riƙe da laima tare da yaro suna gangarowa cikin ciyawa, wasu biyu kamarsu suna bisa tudu. Ana ɗaukar cewa matarsa Camille ce da ɗansu Jean. Furannin kansu ɗigo-ɗigo ne na jan fenti da aka yarfa a kan kore, ba tare da an zana ganye ko kara ba, kuma duk rayuwar zanen tana cikin karon da jan yake yi da koren.

Wannan kuwa shi ne ainihin abin da na'urar ɗaukar hoto ta zamanin ba ta iya gani. Sana'ar kwafar zane ta riga ta yi ƙarfi a Turai, inda kamfanoni kamar Goupil a Paris, da Alinari a Florence, da Hanfstaengl a Munich suke sayar da hotunan shahararrun zane-zane. Wanda ya fi dacewa a ambata a nan shi ne Adolphe Braun na yankin Alsace, wanda ya fara da zana adon atamfa, ya ɗauki hotunan furanni kusan 300 don masu zanen yadi su riƙa koyi da su, ya nuna su a Paris a 1855, sannan ya juya ga ɗaukar hotunan ayyukan da ke gidajen tarihi, har kamfaninsa ya zama mai ɗaukar hoto na gidan tarihin Louvre a hukumance a 1883. Amma duk waɗannan hotunan baƙi da fari ne ko ruwan ƙasa, kuma sinadarin da ke kan farantin ɗaukar hoto na lokacin yana jin shuɗin haske sosai, ba ya jin ja, kore da rawaya ma kaɗan yake ji. Sakamakon haka shuɗin sama yakan fito fari fat har gajimare ya ɓace a cikinsa, jan fure da koren ciyawa kuma su fito da duhu kusan iri ɗaya. Zanen da aka gina a kan layi da inuwa, irin na Jean-Léon Gérôme, wanda surukin Goupil ne kuma kamfanin ya yaɗa ayyukansa ko'ina, ba ya rasa abu mai yawa idan aka cire masa launi, amma filin Monet idan aka cire masa launi sai ya koma dabbare-dabbaren toka. Wani masanin sinadarai, Hermann Vogel, ya gano a 1873 cewa ƙara wasu rini a sinadarin yana sa shi jin kore da rawaya, amma farantin da ke jin dukkan launuka bai shiga kasuwa sosai ba sai a farkon ƙarni na 20.

Shekarun da suka biyo bayan 1900 har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya su ne lokacin da katin wasiƙa ya fi tashe, ana aikawa kuma ana tarawa a kundi, kuma maɗaba'un Jamus ne ke riƙe da kasuwar masu launi. Hanyar da suke bi ita ce ɗab'in dutse, wadda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796 bisa ga cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa: a zana hoto da abu mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen, sai tawada ta kama inda maiƙon yake kawai. Don a sami launi, kowane launi yana buƙatar nasa dutsen, wani lokaci goma ko fiye, kuma ma'aikaci ne ke raba launukan da idonsa da hannunsa. Kamfanin Stengel na Dresden ya shahara da katunan zane-zanen tsofaffin gwanaye, kamfanin Raphael Tuck na Landan kuma ya fito da jerin katunan Oilette a 1903, waɗanda aka yi su don su yi kama da zanen fentin mai. Abin da ya mamaye waɗannan katunan shi ne ayyukan da manyan gidajen tarihi suka riga suka amince da su, irin na Raphael da Rembrandt da Murillo, da zane-zanen da aka yi musamman don kati. Imfireshonis a lokacin suna bakin ƙofa ne, domin lokacin da Caillebotte ya rasu a 1894 ya bar wa ƙasa tarin zane-zanen abokansa, sai da aka yi ta ja-in-ja kafin gwamnati ta karɓi 38 kawai, aka rataye su a gidan tarihin Luxembourg na Paris a 1897. Filin kokeliko ya shiga hannun ƙasa a 1906 cikin kyautar Étienne Moreau-Nélaton.

Hanyar da ta warware matsalar daga baya ita ce ɗab'in ɗigo. Tun 1861 masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya nuna cewa ana iya ɗaukar hoton abu sau uku ta gilasai masu launin ja da kore da shuɗi, a sake haɗa su a sami launinsa. A shekarun 1880 Georg Meisenbach a Jamus da Frederic Ives a Amurka suka inganta raga mai ƙananan ramuka da ke farfasa hoto zuwa ɗigo-ɗigo, manya inda ake son duhu, ƙanana inda ake son haske. Da aka haɗa dabarun biyu, sai ya yiwu a buga kowane hoto da tawada huɗu kacal, wato shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi, waɗanda ɗigonsu ke zama kusa da juna ido ya gauraya su. Akwai kama mai ban sha'awa tsakanin wannan da aikin Imfireshonis, tunda su ma sun bar wa idon mai kallo wani ɓangare na gaurayawar, amma kamar ba ta yi nisa ba, domin ɗigon inji a jere yake bisa tazara ɗaya kuma a shafe yake, shafin buroshi kuwa yana da kauri da alkibla da saurin hannun da ya yi shi.

Ana cikin wannan ne Monet ya shiga aikin da ya fi kowane wahalar sawa a kati. Ya koma ƙauyen Giverny a 1883, ya sayi gidan a 1890, a 1893 kuma ya ƙara wani fili ya janyo ruwa daga wani reshen kogin Epte ya haƙa kududdufi, ya shuka bado a cikinsa, dangin wanda ke rufe tafkuna da damina a ƙasar Hausa, sai dai nasa irin da aka aurar ne a gandun Latour-Marliac don ya ba da furanni masu ruwan hoda da rawaya da ja. Ya zana wannan kududdufin kusan sau 250 cikin shekaru talatin na ƙarshen rayuwarsa, kuma a 1909 dillalinsa Paul Durand-Ruel ya nuna 48 daga ciki a Paris. Da tafiya ta yi nisa sai ya daina nuna gaɓar ruwan da sararin sama, ya bar fuskar ruwa kawai da ganyen bado da inuwar gajimare da ta bishiyoyi a cikinta, har mai kallo ya rasa inda sama ta ƙare ruwa ya fara. Ya yi wannan aiki yana fama da yanar ido, wadda aka gano a 1912 aka yi masa tiyata a 1923, kuma da rasuwar matarsa ta biyu da babban ɗansa a kansa, ga yaƙi ana gwabzawa ba nisa da ƙauyen. Washegarin tsagaita wuta a Nuwamba 1918 ya rubuta wa abokinsa Georges Clemenceau, firaministan Faransa, cewa yana son ba wa ƙasa kyautar zane don murnar zaman lafiya. Ya rasu ranar 5 ga Disamba 1926, kuma a Mayu 1927 aka buɗe ɗakuna biyu masu siffar ƙwai a gidan Orangerie, inda manyan zane-zane 8 masu tsayin mita 2 suka zagaye bango, tsawonsu a haɗe kimanin mita 91.

Jama'a ba su yi tururuwa zuwa ɗakunan ba a farko, domin masu sharhi na lokacin sun ɗauki aikin a matsayin na tsoho wanda zamani ya wuce shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abubuwa suka juya, kuma suka juya tare. Fim mai launi, wanda Kodachrome ya buɗe wa hanya a 1935, ya sa ana iya ɗaukar launin zane a ɗauka ɗaya a kai maɗaba'a, injinan ɗab'i kuma sun ƙara sauri da araha. A 1947 aka tattara zane-zanen Imfireshonis na ƙasa a gidan Jeu de Paume a Paris, a shekarar da marubuci André Malraux ya fitar da littafinsa mai bayyana cewa hotunan zane-zane sun gina wa mutane wani gidan tarihi mara bango. A 1949 hukumar UNESCO ta fara wallafa kundin kwafe-kwafen zane masu launi da ta tantance ingancinsu, ta kuma aika baje kolin irin waɗannan kwafe-kwafe zuwa ƙasashen da ba su da asalin ayyukan, kuma da Imfireshonizim aka fara. A New York masu zane na sabon salo mara siffa suka ga magabacinsu a Monet na ƙarshe, gidan zane-zane na MoMA ya sayi wani babban zanen bado a 1955, gobara ta cinye shi a 1958, aka sayi wani a 1959. An buɗe lambun Giverny ga baƙi a 1980, gidan Orsay kuma a Disamba 1986, inda filin kokeliko yake har yau. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da shago a hanyar fita, kuma kati shi ne abu mafi araha da baƙo zai iya tafiya da shi gida.

Abin da katin ke rasawa ba ƙarami ba ne, kuma ya kamata a faɗe shi dalla-dalla. Kati na yau santimita 10.5 ne da kusan 15, saboda haka filin kokeliko yana raguwa fiye da sau huɗu ta kowane gefe, zanen Orangerie kuwa ba ya shiga sam, sai dai a yanko wani yanki, kuma yankin da ake yankowa galibi shi ne inda furen bado ya fi fitowa fili, a bar duhun ruwa da inuwar bishiya waɗanda su ne suka fi yawa a bangon. Kaurin fenti yana ɓacewa, tare da 'yar inuwar da kowane shafi ke yi idan haske ya faɗa masa daga gefe. Tawada huɗu ba sa kaiwa ga wasu shuɗi da shunayya da kore da ke cikin fentin, kuma maɗaba'u biyu kan buga zane ɗaya ya fito da launi biyu. Katin da ya daɗe a rana ja da rawayarsa ne ke fara kodewa, ya koma shuɗi-shuɗi. Asarar da ta fi waɗannan nauyi ita ce ta fahimta, domin aikin da aka yi wa ba'a a 1874 saboda an ga kamar ba a gama shi ba, da aikin da dattijo mai raunin gani ya yi cikin makoki da yaƙi, yawan ganinsu a kati da kalanda ya sa mutane da yawa ke ɗaukar su ado mai sanyaya rai kawai. Marubuci Walter Benjamin ya hango irin wannan tun a shekarun 1930, lokacin da ya yi bayanin cewa kwafi ta inji tana raba aikin fasaha da wurinsa da lokacinsa, ko da yake shi ma ya ga cewa tana kai aikin ga talakawan da a da ba su da hanyar ganin sa.

Wannan ɓangare na biyu bai kamata a raina shi ba, domin mafi yawan waɗanda suka san sunan Monet a duniya ba su taɓa tsayawa gaban zanensa ba, kuma ɗalibin zane da yake nesa da Paris ya fi koyon yadda ja ke tashi a kan kore daga kati mai launi fiye da daga bayanin littafi komai kyansa. Asalin zanen ma ba a tsaye yake cak ba: binciken da aka yi a gidan zane-zane na Chicago a kan hoton Madame Clapisson da Renoir ya zana a 1883 ya nuna cewa jan launin bayansa ya kode ƙwarai, abin da aka gane daga gefen da katakon firam ya rufe ya kare daga haske. Saboda haka kwafi mai kyau da aka san shekarar yin ta tana iya zama shaida a kan yadda zane yake a wani zamani. Haƙƙin mallakar ayyukan Monet da Renoir ya riga ya ƙare saboda daɗewar rasuwarsu, kuma a Fabrairu 2017 gidan Metropolitan na New York ya saki hotunan ayyukansa da ba su da haƙƙin mallaka don kowa ya yi amfani da su kyauta. Kati mai inganci ana gane shi ne daga bayansa, inda ake rubuta sunan mai zane, da sunan zanen, da shekararsa, da girmansa a santimita, da gidan da yake ajiye, da kuma bayanin ko cikakken zanen ne ko yanki aka yanko daga cikinsa.